Tebur Mai Siffar Jinjirin Wata

Takardar ta zo a jakar Nafi'u,
tsakanin ɓawon lemo da safar hannu wari guda.
A tsaye na karanta, ban ko cire takalmin aiki ba,
ƙurar gilashi na nan a ƙarƙashin farcena.
Wai in zo a zauna a kan karatunsa.

Na san irin wannan zama.
A Malumfashi bencin baya aka ba ni,
jikin tagar da ba ta da marfi,
shekara huɗu ina satar amsa daga leɓen na gabana.
Malam ya ce kaina dutse ne.
Ban musa ba.
Na ɗauko dutsen a wuyana har Toledo.

Malama Pruitt ba ta ambaci dutse ba.
Ta miƙo mini kujerar yara, gwiwata ta kusa taɓa haɓata,
ta shimfiɗa takarda mai ɗige-ɗige.
"Ajin duka muka auna a watan tara,
kamar yadda ake awon jarirai a asibiti.
Ga tsaransa. Ga ɗanka.
Ratar ba ta kai taki ba tukuna,
shi ya sa muka kira ka yau, ba baɗi ba."

Ta ce matakala uku ce.
Ta fari tukunyar kowa, kowa da ludayinsa.
Wanda bai ƙoshi ba a yi masa ƙari:
su biyar, minti ashirin, bayan abincin rana,
a wancan tebur mai siffar jinjirin wata.
Na ce, "Fitar da shi za ku yi ke nan?"
Ta ce, "Ƙari na ce. Ban ce musanya ba."
Ta ukun ban tambaya ba. Na ji tsoronta.

Ashe b da d ke yi masa ɓuya,
wannan ya juya ciki, wancan ya juya baya.
Na yi dariya ni kaɗai a mota:
yaro, ka gode Allah,
a namu harshen kowannensu da ƙani mai ƙugiya.

Mako takwas.
Ganyen bakin titi ya yi ja, ya zube.
Ximena ta tashi daga teburin, Tobias ya bi ta,
ɗigon Nafi'u ya ɗaga kamar mai ciwon baya,
ya sake zama.
Ranar na ƙi cin tuwo. Uwarsa ta ce,
"Kai ake aunawa ko shi?"

Sai ta ukun, cikin sanyin Janairu:
shi kaɗai da Malama Delgado
a wani ɗan ɗaki kusa da na tsintsiya,
da faranti cike da rairayi.
Da yatsa yake jan harafi, bakinsa na faɗin sautin,
in ya karkace a shafe, ba bulala, ba shaida.
Rairayi fa!
Mu da muka tashi a cikinsa har wuya,
ba wanda ya ce mu rubuta komai a kai.

Ba zan ce an gama ba.
Jiya ma d ta juya masa baya sau biyu.
Amma ran Asabar, a shagon wanki da inji,
kwandon kaya a kaina, iska na yankan kunne,
ya ja birki a bakin ƙofa
ya kafa wa kalmar da ke jikin gilashi ido.
Haruffa huɗu.
Leɓensa ya fara motsi.
Wata mata a bayanmu ta yi gyaran murya.

Na san kalmar. Tana kan harshena.
Na danne ta da haƙori,
na tsaya,
ni da wani yaro na bencin baya
da bai taɓa samun mai jiransa ba.